Dutsen da Ke Ɗaga Gada

"Buɗe baki, Yaya. Ko cokali ɗaya ne," in ji Ponnuthai.

Tsoho Irulandi ya kau da kai wajen taga. Tun ranar da aka yi guguwa, kwalekwalen ɗansa Sudalai bai dawo daga kamun kifi ba, shi kuma ya daina cin abinci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka maƙwabciyarsa Ponnuthai ce ke kawo kunun shinkafa tana komawa da abinta. Ita kuwa ba gwanar lallashi ba ce.

"So kake yaron ya dawo ya tarar da ƙasusuwa? Wa zai yi masa bayani, ni?"

"Dubi can," ya ce.

Ta tagar ana hango gadar da ya tsufa yana shafa wa igiyoyinta giris. Hasumiya biyu gare ta, titin da ke tsakaninsu yana tashi sama a miƙe in babban jirgi zai shigo.

Ya ce, "Injinta mutane ke yabo. Injin me? Kowace hasumiya da dutsen siminti a rataye, nauyinsu daidai da na titin. Sai dutse ya sauka titi ke tashi."

"To, sai aka yi yaya?"

"Yarona yana ƙasa, Ponnu. Ina ji yana ja na."

Ta ɓoye tsoronta da faɗa, ta ce yunwa ce ke sa shi sambatu. Ta sa hannu za ta tada shi zaune ta sauya masa zane. Mutumin da ya rame kamar busasshen kifi, amma ko gezau bai yi ba. Ta sake gwadawa har ƙugunta ya amsa.

"Bar ni," ya ce a hankali. "Kada ki ɗaga ni. Saura kaɗan."

Washegari da rana tsaka tana bakin famfo jiniyar gada ta yi kuka. Titin ya soma tashi, duwatsun na sauka babu ko ƙara. Wani jirgin dakon kaya ya ratso, mata suka kwasa da gudu zuwa gaɓa. Ashe a tsakiyar teku ma'aikatan jirgin suka tsinto mutum rungume da katako. Sudalai ne, leɓɓansa duk sun tsage, amma da ransa.

Ponnuthai ta juyo gida tana kuka tana dariya, ta bar tulunta a famfo.

"Yaya, tashi ka sha kunu. Ga ɗan banzan naka nan ya dawo."

Idanunsa a buɗe suna kallon taga, bakinsa a ɗan sake. Ta durƙusa don ta rufe masa ido, sai gwiwarta ta bugi katakon gadon. Ta duba ƙasa.

Ƙafafun gadon duka huɗu sun nutse cikin daɓen ɗakin.