Shuɗin Kunnen Zomaye

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Khamisu ya bar wankin raguna a kasuwar Alaba Rago, ya samu aikin kiwon zomaye a ɗakin gwaji na wani asibiti da ke Agege. Zomayen duk farare ne, kowanne da kejinsa, kowanne da irin zanen shuɗin da aka yi masa a kunne.

Madam Florence, 'yar kudancin Kaduna, ita ce mai gwajin. Ta taɓa yi masa bayani: ƙwayar cutar maƙogwaro dangi-dangi ce. Kowane zomo an yi masa allurar matacciyar ƙwayar dangi ɗaya, jininsa ya koyi gane ta; shuɗin kunnensa ne ke nuna wane dangi ne. In aka haɗa ruwan jininsa da ƙwayar majiyyaci suka dunƙule, an san dangin. Khamisu ya gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan dattin ƙafafunsu.

Ran Lahadi tausayi ya ci ƙarfinsa. Ya fito da su gaba ɗaya, ya wanke su da sabulu tas, yadda ake wa rago gab da Sallah, ya bar su suna shan hantsi. Sai da ya zo mayar da su ya ga kunnuwan fari fat. Ya zuba su keji yadda zuciyarsa ta ba shi. Bai gaya wa kowa ba.

Da safe Madam Florence ta shigo da allura.

"Malam Khamisu, kawo na kejin farko. Akwai wata yarinya, Mairama, maƙogwaro ya hana ta haɗiye ko ruwa. Likita na jira."

Ya ɗauko zomon, ya tsaya rungume da shi.

"Madam, ban san ko shi ba ne."

Ta dubi kunnen, ta dubi sauran.

"Ka yi musu wanka? Aure za su je?"

"Na ga sun yi datti ne."

Ta ajiye allurar. Sannan ta ce yanzu sai an ɗebi jinin kowanne an gwada daga farko, Mairama kuma sai gobe.

Shi ya riƙa riƙe su ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsu na bugawa a tafinsa. Ta taga yana hango uwar yarinyar a kan benci. Da aka gaya mata ta dawo gobe, ta saɓa 'yar a baya, da ta zo wucewa ta bakin tagar har ta yi masa sannu da aiki.