Sirdin Alƙasim

Alƙasim dogo ne, irin dogayen da sai sun sunkuya suke shiga zaure. Da ya sayi keke, sai da ya zaro ƙarfen sirdin har ya kusa fita daga raminsa, ya ɗaga ƙahon, sannan ya ce ya yi masa daidai. Bayan girbi ya tafi cin rani Libiya tare da abokinsa Abdulhamid. Da farko yana bugo waya, daga baya aka ji shiru.

Keken ya koma hannun ƙanensa Sha'ibu, wanda tsawon gidan ya ƙare kafin a zo kansa. Shi ke kai albasa kasuwar Buza. Uwarsu Biba ta yarda ya hau, amma ta kafa doka cewa ba a taɓa sirdin. A gidansu ba a sauya wa kayan matafiyi zama. Mamaci kaɗai ake rage wa kaya don su yi wa wani daidai. Kowace safiya idan ta fito, takan dafa sirdin nan da ke kai mata ƙirji, ta ji ɗanta yana nan da rai.

Kai, Sha'ibu ya ga ta kansa. Yatsun ƙafa kaɗai ke kai masa feda, kwankwaso na lilo hagu da dama, hannuwa a miƙe kamar mai shanya. In zai tsaya sai dai ya diro. Ga hanyar Buza da gangare, duk tsakuwa, ga buhun albasa a baya yana turo shi. Ya faɗi ya kuje gwiwa, ya sake faɗuwa ya bar rabin haƙori a can. Tsoho mai gyaran keke ya aiko wa Biba cewa a rage sirdin yadda yaron zai taka feda da kyau, ƙafarsa ta riƙa samun ƙasa, in ba haka ba wata rana a kan amalanke za a kawo mata shi. Ta ce a gaya wa Tsoho ya ji da facinsa.

Ba don ba ta tsoro ba. Duk ranar kasuwa tana ƙofar gida tana duban hanya har yaron ya dawo. Ta san tana wasa da ran ɗan da ke gabanta saboda wanda ba ta gani, amma bakinta ya kasa furta a rage. Shi kuma Sha'ibu ko sau ɗaya bai yi mata gardama ba.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar tana ƙofar gida tana tsince wake, sai ta hango shi tafe. Keken na tafiya sambal, babu lilo, bayansa a sake. Har ta fara murmushi, sai murmushin ya tsaya. Da ya iso bai diro ba. Yana zaune a kan sirdi ya sauke ƙafa, ta taka ƙasa. Dogon ƙarfen nan mai sheƙi ya shige raminsa.

Bai dube ta ba, ƙahon keken yake ta murzawa.

“Wa kag gani kasuwa?” in ji ta.

“Abdulhamid ya komo, Inna.”

“Shi ɗai?”

“Shi ɗai. Ya ce suna tahe shi da liman, in an yi magariba.”

Ya jingine keken da rumbu inda yake zama. Biba ta ajiye faifan wake, ta tashi ta je ta kai hannu yadda ta saba, hannun ya wuce ta iska. Sai da ta sauke shi zuwa ƙugu ta sami sirdin, da ɗuminsa. Sannan ta ce wa Sha'ibu ya fito da tabarmi duka, har da na cikin ɗakin wansa.