Ranar da Karnuka Suka Shiga Garken Arlene

Arlene Iriberry ta yi shekara arba'in tana kiwon tumaki a arewacin Wyoming kafin sankarar ɓargo ta kama ta, irin wadda likitoci ke kira mayaloma, mai cin ƙashi daga ciki kamar gara. An yi mata dashen ɓargo, ta tashi, gashin kanta ya sake tsirowa. Amma likitarta, Dokta Sandoval, ba ta ɓoye mata komai ba: ciwon bai mutu ba, an dai danne shi ne. Abin da zai ci gaba da danne shi ƙwaya ce guda kullum, kwana ashirin da ɗaya a jere, a huta bakwai, a koma, har ranar da ƙwayar za ta gaza. Ga asfirin, don kada jini ya daskare a jijiya. Ga kuma doka: kada ta ɗaga abin da ya fi galan ɗin madara nauyi, kada ta shiga rumfar haihuwar tumaki, domin garkuwar jikinta ta yi rauni.

Shekara biyu tana bin doka. Cikinta ya lalace da gudawa, yatsunta da tafin ƙafarta sun mutu kamar ba nata ba, gajiya kuwa da hantsi take sauko mata. Duk wannan bai ci mata rai kamar lallaɓar mijinta Dom ba.

"Ajiye wannan, tsohuwa," in ji shi wata safiyar Juma'a ta watan Afrilu.

"Butar kofi ce, Dom."

"A cike take."

"To zo ka sha mini kofin ma, kada ya yi mini nauyi a ciki."

Ya yi dariya ya ɗauki hularsa. Ranar ce ake kawo kwalin maganinta cikin gari, kuma ba a bayarwa sai an sa hannu. Tafiyar rabin awa ce zuwa, rabin awa dawowa.

Ƙurar motarsa ba ta gama kwanciya ba ta ji kukan tumaki, ba irin na yunwa ba. Ta leƙa taga. Karnuka biyu ne a cikin shingen tumaki masu ciki, baƙi da ja, kowanne ya kai ɗan maraƙi. Ta san su. Na maƙwabcinsu ne Curtis Vandermolen, wanda ya taso daga birni bara yake sakin su yadda suka ga dama. Sau biyu Dom yana zuwa yi masa magana.

Tana kallo baƙin ya cafki wata tunkiya a wuya ya girgiza, ya sake ta tana shure-shure, ya bi wata. Ba ci suke yi ba, wasa ne a wurinsu. Jan ya farke cikin wata, ɗan da bai isa haihuwa ba ya zubo kan taɓo yana tururi.

Ta kira Dom, waya ba ta shiga ba, ya riga ya gangara kwarin da ba sabis. Sai ta ciro bindigar da ke bayan ƙofa. Yatsunta ba sa jin harsashi, biyu suka suɓuce suka gangara ƙarƙashin firji, na uku ya shiga. Ta fita da silifas.

Daga bakin shinge ta ɗora bindiga a kafaɗa ta auna baƙin. Ba ta ji kunamar bindigar a yatsanta ba, ƙarar kawai ta ji, tare da wata ƙara a cikin jikinta kamar an taka busasshen kara. Ƙashin kafaɗarta ne. Bindiga ta faɗi, harbin ya tafi iska, ita kuma ta durƙusa, numfashi ya ƙi shiga.

Jan ya tsorata ya haura shinge ya gudu. Baƙin ya ɗago baki jina-jina, ulu maƙale a haƙoransa, ya dube ta.

"Zo mana," in ji Arlene. "Zo, ɗan banza."

Ya zo. Ta tare da hannun hagu, ya kama dantsenta ya datse, ya ja ta ƙasa. Ta ji haƙoransa suna goga ƙashi. Warin bakinsa na jinin tumakinta ne. Ya girgiza kai kamar yadda ya yi wa tunkiyar, haƙarƙarinta ya bugi turken shinge, wani abu ya sake karyewa. A gindin turken nan akwai guntun ƙarfen da Dom ke ɗaure waya da shi. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama, sai ta riƙe ƙarfen gajere ta soka a idon karen. Ya yi ƙara ya sake ta. Ta bi shi da rarrafe, ta hau wuyansa da gwiwa, ta yi ta dukan kansa da hannun da ya yaga. Tana duka tana ihu, ba ta san me take faɗa ba. Kare ya daina motsi tun tuni, ita ba ta daina ba, sai da ƙarfen ya yi santsi ya kuɓuce.

Ta jingina da turke. Jini na zuba daga dantsenta ba ya tsayawa, ta san aikin asfirin ne da ƙarancin jinin da ƙwayar ke jawowa. Ta tuɓe ɗamarar rigarta ta ɗaure saman ciwon da haƙori. Abin mamaki, rabon da ta ji jikinta nata ne haka tun kafin dashe.

A haka Curtis ya iso a kan babur mai ƙafa huɗu, ya ji harbi. Gawar karensa ya fara gani.

"Wa ya yi wannan? Ke! Kin san karen nan kuwa? Ke mahaukaciya ce?"

"Dubi bayanka, Curtis," ta ce a hankali, don kowace kalma sai ta soke ta a kwiɓi.

Ya waiga. Tumaki tara a kwance, wasu na jan hanjinsu a ƙasa. Ya sake dubanta, sai yanzu ya ga jinin.

Motar Dom ce ta shigo, shi ma ya ji harbin daga kwari ya juyo. Ya diro bai kashe inji ba, ya dubi matarsa sau ɗaya, ya nufi Curtis. Shekarunsa sittin da takwas, amma naushin farko ya fasa wa Curtis hanci, na biyu ya kai shi ƙasa. Ya shaƙe masa wuya yana buga kansa da taɓo.

"Sau biyu! Sau biyu na zo ƙofarka!"

"Dom," in ji Arlene. Bai ji ba. Ta tattara abin da ya rage mata na murya. "Domingo! In ka gama da shi, jinina zuba yake."

Ya sake shi. Curtis ne ya tuƙa motar, hanci na ɗiga a kan sitiyari, domin Dom ya karya yatsu biyu, yana baya yana danne mata ciwon da rigarsa har asibiti.

Cizon ya ruɓe kamar yadda ake tsoro. Zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma sha ɗaya, aka yi mata aiki sau biyu a hannun. Dokta Sandoval ta dakatar da ƙwayar har ciwon ya warke, mako bakwai cur.

"Da kin zauna a ɗaki, da ba mu zo nan ba," in ji likitar.

"Na sani."

"Za ki sake?"

"Likita, kar ki sa ni yi miki ƙarya."

Curtis ya mayar da jan karen birni wurin 'yar'uwarsa, ya kuma zo da kansa ya haƙa ramin da aka binne tumakin. Bai kai ƙarar Dom ba. Ba su zama abokai ba, amma sukan ɗaga wa juna hannu a hanya.

A watan Yuni aka auna jininta. Ciwon ya ɗan motsa, ba da yawa ba, amma ya motsa. Ko hutun ƙwayar ne ya jawo, ko dama lokacinsa ne ya yi, likitar ta ce ba wanda zai iya rantsuwa. Aka mayar da ita kan ƙwayar, aka ƙara mata allura a fatar ciki, kowane mako a birnin Billings, awa biyu da rabi a mota.

Hannunta na hagu bai ƙara dunƙulewa sosai ba. Dom ya so su sayar da garken duka su koma kusa da asibiti. Suka yi kwana uku suna faɗa a kai, har ta jefe shi da cokali. A ƙarshe suka sayar da rabi, suka ɗauki wani makiyayi daga Peru ya kama musu aikin hunturu. Ranar allurar farko ita ta tuƙa motar zuwa, shi ya tuƙo dawowa, tana barci da kanta jingine a gilashi.