Kaskar Bube

A shekarar da mahaukacin kare ya ciji mutum biyu a kasuwar Goronyo, Baturen likitan dabbobi ya aiko da doka ƙauye-ƙauye. Dokar gajeruwa ce. Duk karen da ke da mai shi, a kawo shi a wanke da maganin kaska da ƙuma, a rataya masa 'yar lambar tagulla a wuya. Wanda ba shi da mai shi, a harbe.

Malam Halliru, malamin dabbobi, shi ya kawo dokar zuwa ƙauyen Tursa daga Wurno, a kan keke, da gwangwanin farar hoda ɗaure a baya. Tare da shi akwai Mainasara, maharbi, wanda aka ɗauka domin rabi na biyu na dokar. Suka zauna gindin tsamiyar bakin kasuwa da hantsi, aka jera musu tulunan ruwa da babban kasko.

Masu kyanwa ne suka fara zuwa, ko da yake doka ba ta ambaci kyanwa ba. Kyanwa ba ta kunyata kowa. Wata tsohuwa, Turai, ta kawo tata cikin kwando, ta ce ƙuma ta hana su sakewa su biyun. Malam Halliru ya ce kyanwa tana lasar jikinta, ba a sa mata wannan hodar, a dai ƙone tsumman da take kwanciya a kai, a share ɗaki. Turai ta ce to ashe maganin Bature ma ya san wanda yake yi wa aiki, ta ɗauki kwandonta.

Karnuka huɗu aka wanke kafin Bube ya iso. Bube Bafulatani ne, dattijo, rugarsa tana yamma da gari. Ba wanki ya kawo shi ba, kanwa ya zo saya wa shanu. Yayarsa Adda Hawwa tana gaba da ƙwaryar nono. A bayansa, kamar taku goma, wani jan kare ne mai yankakken kunne ɗaya, kaska ta cika masa wuya da tsakanin yatsu, wasu sun ƙoshi sun yi kamar 'ya'yan zurma.

Shekara bakwai karen nan yana kwana wajen maruƙan Bube. Sau biyu ya kori kura. Kullum da safe ana samun tsaki da nono a wani fasasshen kasko bayan bukka, kuma ba a taɓa ganin wanda ya zuba ba. Amma Bube mutum ne mai fulaku, kunyar nan ta Fulani. Ɗansa na fari ma Bube bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cewa nasa ne a gaban mutane ba, balle kare. Ga shi kuma shi yake jan salla a ruga.

Malam Halliru ya gaishe shi, ya tambayi shanu, sannan ya nuna da haɓa.

"Baffa, karen wa na wanga?"

Bube ya dubi sama, ya dubi tsamiya. "Wane kare?"

"Wanda ke bayanka."

"Hanya ta Allah ta, Malam. Kowa na bin ta."

"Ba naka na ba ke nan?"

"Ba nawa ba na."

Karen ya zo ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a kan takalmin Bube. Bube bai janye ƙafar ba, bai kuma duba ƙasa ba.

Mainasara ya ajiye ayar da yake ci, ya jawo bindigarsa ta toka, ya fara ɗura mata albarushi a hankali. Ba mugun mutum ba ne. Tun safe yake zaune bai yi komai ba, kuma mutane sun fara kallonsa.

Adda Hawwa ta sauke ƙwaryarta. "Bube, buɗe bakinka. Kalma guda ta."

"Adda, mi za ni ce?"

"Ka ce abin da kura ta sani, maruƙa sunka sani, ni ma nis sani."

"To ke ki ce naki na."

"Ni mijina na da nashi. Ba ni ɗaukar ma kunyarka, na ɗauke ka a baya kana yaro, ya isa."

Mutane suka yi dariya kaɗan, suka matso. Matsowar tasu ta ƙara ɓata al'amari, domin abin da Bube ba zai faɗa gaban mutum uku ba, ba zai faɗa gaban talatin ba. Malam Halliru ya rage murya, ya ce shi ba ya son a harbi kare mai lafiya, amma abu biyu aka ba shi, lamba da maharbi, kuma dole kowane kare ya sami ɗaya.

Mainasara ya miƙe. "Baffa, ɗan ja ƙahwarka."

Bube bai ja ba. Ya daɗe yana tsaye da sanda a kafaɗa. Sai ya tsuguna, ya kama kunnen karen mai lafiya, ya juya shi, ya duba ciki da kyau kamar mai duba saniya a kasuwa.

"Malam," ya ce, "kare dai ba nawa ba na. Amma kaskar ga tawa ta."

"Kaskar?"

"Ta shanuna ta. Na san ta. Dubi bayanta, irin ta fadamarmu ta. Wurin maruƙana yak kwashe ta. Bai kyautu dabbar mutane ta mutu da kayana a jikinta ba."

Malam Halliru ya dubi kaskar. Kaska ce irin ta ko'ina. Ya dubi Mainasara, Mainasara ya dubi bindigarsa.

"To mai kaska shi ka wanki," in ji Malam Halliru.

Ya auna hoda cokali biyu, ya dama a kasko har ruwan ya yi fari kamar tsala, wari ya tashi. Ya ce a kiyaye ido da baki. Bube ya naɗe hannun riga. Sauran karnukan sai da mutum biyu suka danne kowanne, wannan kuwa ya tsaya cik, yana ɗaga ƙafa tun kafin a nema. Bube ya bi wuya, ya bi hammata, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana cire manyan da farce yana jefawa a garwashin mai tsire, yadda yake yi wa shanu kowace safiya. Ba wanda ya yi magana a kan yadda ya san akwai tsohon tabo a ƙarƙashin cinyar hagu, ya kuma bi wurin a hankali.

Da aka gama, Malam Halliru ya ciro lamba da igiya, ya buɗe littafinsa.

"Sunan wa za ni rubuta?"

"Rubuta mai kaska."

"Mai kaska na da suna."

Adda Hawwa ta ce, "Bube na Tursa, rugar yamma." Bube yana wanke hannu da toka, bai ji ba. Malam ya rubuta.

Lambar ma Bube ne ya ɗaura, don ya ce ɗaurin malaman gari ba ya kwana biyu. Ya sa yatsa biyu tsakanin igiya da wuya ya gwada, ya sassauta kaɗan.

Mainasara ya zauna, ya ce yanzu ga bindiga a ɗure, kuma ba a mayar da ita gida haka. Aka shawarta, ya tafi fadama neman zabi.