Sandar Giyar Jar Mota

Mijina, Ba Ajimi, gara ya kwana da ciwo da ya ce wa mutum ya taimake shi. Shekara talatin da takwas ina zaune da shi a unguwar Umarari, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ko zazzaɓi ne ya kayar da shi, sai ya ce fanka ce ta yi masa yawa. Halin nan yana ba ni haushi, kuma ba zan ɓoye ba, yana cikin abin da ya sa nake sonsa.

Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajera har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Tun kafin ya aure ni ya saye ta. Kowace Juma'a bayan la'asar sai in turara lafayata, in shiga gefensa, mu zaga gari mu biyu, mu sayo gasasshen kifi mu dawo. Ko lokacin da garin nan ya shiga wahala, ana rufe hanyoyi, ba mu fasa ba, sai dai mu zaga unguwa sau biyu mu shigo gida.

Bara ya hau tsani zai gyara tankin ruwa, alhali na ce a kira mai gyara, ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama. Aka ɗaure, ƙashi ya haɗe, amma hannun ya daina miƙewa gaba yadda ya saba. Giya ta ɗaya da ta biyu suna kusa da jikinsa, yana iya sa su. Ta uku kuwa sai an tura sandar can gaba, nan hannun yake tsayawa. Sai ya riƙa tafiya da mu a giya ta biyu, motar tana ihu, masu keke suna wuce mu suna waiwaye. Shi kuma ya ce wai iska yake so mu sha a hankali.

Labari ya kai wa ɗanmu Kashim a Abuja. Ya bugo waya ya ce ran Asabar zai zo, zai zauna gefen babansa su fita. In ya ga hannun ba ya iya sarrafa motar, zai tafi da makullin. Kashim ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Amma na san mijina. In aka raba shi da makullin nan, zai zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida ya tsufa cikin wata guda.

Ba Ajimi ya ajiye wayar. Ya sa hula ya tafi unguwar Hausari wajen Fidelis, bakanikensa, mutumin Kudu da ya shekara talatin a garin nan, Kanurinsa ma ya fi na wasu 'ya'yanmu. Daga baya na ji abin da ya gaya masa. Wai yana son a sa masa gajerar sandar giya, irin ta masu tsere, wadda hannu ba ya tafiya da nisa, don ya riƙa canja giya da sauri. Tsoho mai shekara sittin da tara, wai sauri! Maganar kafaɗa kuwa ko a baki bai ɗauko ba.

Ran Juma'a da hantsi Fidelis ya iso da akwatin kayan aikinsa da wani ɗan kwali da aka aiko masa daga Legas.

"Wushe, Ya Kaltum," ya gaishe ni da Kanuri. "Yau za mu mai da Alhaji saurayi."

"Ka dai mai da shi mai jin magana, in kana da sifanar hakan," na ce.

Na shimfiɗa tabarma kusa da su ina tsince shinkafa. Fidelis ya murɗe kan sandar ya cire, wani dunƙulen katako da tafin hannun mijina ya goge har yana sheƙi. Ya ɗaga fatar da ke rufe gindinta, ya kwance sukurori huɗu ya jera su a murfin gwangwani. Sannan ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta, ya kwanta ƙarƙashi yana kwance noti yana yi wa tsatsa faɗa. Da tsohuwar sandar ta fito, Ba Ajimi ya karɓe ta da hannu biyu, ya goge ta da tsumma, ya ajiye a kan cinyarsa. Na ga yadda ya dube ta, tausayinsa ya kama ni.

Sabuwar ba ta fi tsohuwar kyau ba, ni dai a idona. Fidelis ya shafa mata giris, ya zura ta a mazauninta, ya sake komawa ƙasa ya ɗaure. Na tambaye shi mene ne bambancin, tunda duk ƙarfe ne.

"Ya Kaltum, kin san muciya," ya ce daga ƙarƙashin motar. "In kin riƙe ta can sama, hannunki zai yi tafiya mai nisa, amma tuƙin da sauƙi. In kin riƙe ta kusa da tukunya, tafiyar kaɗan ce, sai dai ki sa ƙarfi. To, wannan haka take. Tafiya ta ragu, tauri ya ƙaru. Amma ga mai ƙarfi irin Alhaji, wannan ba komai."

Hannuna ya tsaya cikin shinkafa. Na dubi mijina, shi kuma ya dubi darbejiya. Da ya faɗi gaskiya tun a Hausari, da Fidelis ya gaya masa wannan kafin a taɓa ko sukuru ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana, sai na rufe, don ba zan tona shi a gaban wanda yake ganin girmansa ba.

Fidelis ya mayar da fata da dunƙulen katakon, ya zauna ya gwada. Ƙas, ƙas, ƙas, giyoyin suna shiga da ɗan motsin hannu. Ya ce Alhaji ya zo ya taɓa. Ba Ajimi ya ce an kusa kiran salla, sai an sauko.

Bayan la'asar na turara lafayata kamar kullum, na durƙusa na shiga. Ya tayar da mota. Giya ta ɗaya ta shiga da ƙyar, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta biyu ya jawo ta da nauyin jikinsa. Muka hau kwalta, injin ya fara ɗaga murya yana neman ta uku. Ya taka kuloci, ya tura. Yanzu hannun yana kaiwa, amma ƙarfin turawar ne babu. Ya sake gwadawa, giya ta yi ƙara mara daɗi. Ya gangara gefen hanya kusa da wani mai sayar da kankana, ya kashe motar.

Ya sauke hannunsa daga kan sandar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kaltum, hannun ya ƙi."

Shekara talatin da takwas nake jiran irin wannan magana daga bakinsa. Na ɗauka ranar da na ji ta zan yi murna. Sai ga shi hawaye ne suka zo mini.

"Na sani," na ce. "Tun ran da ka fara sunkuyar da kai wajen loma, maimakon ka ɗago hannu. Tayar da motar."

"Mu koma gida?"

"Kifi na fito saye. Ka tayar."

Ban taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwata. Amma duk Juma'ar duniya ina zaune a kujerar nan ina jin muryar injin nan, na san lokacin da yake neman canji kamar yadda na san kukan 'ya'yana. Muka hau hanya. Da muryar ta ɗaga, na ɗora hannuna na hagu a kan nasa, wanda ke kan dunƙulen katakon.

"Taka," na ce.

Ya taka kuloci, muka tura tare. Ƙas! Ta uku ta shiga, kuma ko kafaɗata ban ɗaga daga kujera ba, don tafiyar gajera ce, daidai hannun mace mai tuƙa tuwo. Motar ta yi shiru ta miƙe. Rabon da in ji ta haka tun bara.

"Ta huɗu fa?" ya ce.

"Ba ta nema ba tukuna. Kai dai dubi hanya."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Muka sayo kifi, muka dawo, hannuna bai bar kan nasa ba sai da muka tsaya a ƙofar gida. Ya zare makullin, ya juya shi a tafinsa, sannan ya miƙo mini.

"Gobe in Kashim ya zo, zan gaya masa gaskiya, ni kaɗai ba na iyawa," ya ce. "In ya nemi wannan, sai ya tambaye ki. Rabin direban ke ce."

Na karɓa na ɗaure shi a bakin lafayata, ƙulli biyu. Kashim dai ni na haife shi, ya zo ya kwance in gani.