Dutsen Jira

Sunan garin Batu Tunggu, wato Dutsen Jira, domin a kan dutsen bakin tsibirin mata ke zaman jiran masunta. Nan Mak Rohani ta jira mijinta, teku ba ta dawo da shi ba.

Da Jumadi, ɗan ƙanenta, ya nemi shugabancin garin, gida-gida ta bi tana roƙa masa ƙuri'a, don ya rantse mata ba mai taɓa sunan.

Wata uku da hawansa ta tarar da sabon allo a mashigar gari: Gaɓar Zinariya.

"Haba Gwaggo, 'yan yawon buɗe ido ba sa son sunan baƙin ciki," in ji shi.

"Ni ka yi wa rantsuwa ko su?"

Ya kau da kai. Ba ta ƙara taka gidansa ba.