Naɗin Da Aka Warware

Fumiyo mai dafa taliya ce ta fara kawo wa Kuwabara maganar. Shagonta na manne da nasa na gyaran kayan sauti a wani lungu na Osaka, kuma kullum da rana ita ke miƙo masa kwanon taliyar udon ta ƙofar baya. Ran nan da ta ajiye kwanon ba ta juya ba.

"Kuwa-san, ashe ka zama babban mutum ba ka gaya mana ba?"

"Ni? Tumbina ne dai ya zama babba, kuma laifinki ne."

"Makaɗan nan da ke cin abinci a wurina, tun jiya ba su da zance sai wai wani kamfani a Tokyo zai fitar da amfilifaya, akwatin nan na ƙara sautin jita, da sunan abokinka Shimazaki. Wai tsohuwar muryar jitarsa ce sak. Na ce musu ai a gabana ka yi ta."

Kuwabara ya yi dariya, ya ɗauki tsinken cin abinci. Irin wannan jita-jitar ba ta ƙarewa a bakin makaɗa. In da gaske ne, ai daga bakin mai ita zai ji.

Shi da Shimazaki Renji tun aji ɗaya na firamare suke tare. Shimazaki ya kama jita, ya yi suna tun yana saurayi, saboda wata murya mai ɗumi da ɗan gurnani da yake samu daga tsohuwar amfilifayarsa, irin mai kwalabe a ciki da ke yin ja in sun yi zafi. Wata shekara guguwa ta kawo ambaliya, ruwa ya cinye akwatin. Shimazaki ya zo shagon nan ya zauna a kan kujera, ya ce muryarsa ta mutu.

Shekara shida Kuwabara ya yi yana neman ta. Ya canza kwalabe, ya canza lasifika, abin bai zo ba. Daga ƙarshe ya gane a taransifoma take. Ya ɗauko wani tsohon ƙullin wayar tagulla da mahaifinsa ya bari, irin wadda aka daina yi, ya zauna yana naɗi da hannu, yana sa siririyar takarda tsakanin kowane layi. Sau goma sha huɗu yana naɗawa yana warwarewa. A na sha biyar Shimazaki ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu.

Sharaɗi ɗaya Kuwabara ya sa masa: kada wani ya buɗe akwatin nan in ba shi ba. Ya rubuta sunayensu biyu a ɗan salatif ya manna a ciki, ya ɗaure sukurori huɗun baya, ya ɗiga wa kowanne jan farcen marigayiya matarsa. Haka yake rufe duk aikin da ya fita daga hannunsa.

Kwana uku bayan maganar Fumiyo, da hantsi, sai ga Shimazaki ya turo amfilifayar a kan ɗan keken kaya. A hammatarsa kuma akwai wani ƙaton kwalin alewa, an naɗe shi da takardar babban kanti. Kuwabara ya dubi kwalin. Shekara hamsin mutumin nan yana zuwa hannu rabbana, har ya cinye masa rabin udon.

"Ren-chan, wa ya mutu?"

"Kai dai ba a yi maka abin arziki, tsohon banza. Tsarabar Tokyo ce."

"Tsohon banza ya girme ka da wata biyu kacal. Me ya sami yarinyar?" Ya nuna amfilifayar da haɓa.

"Tana ɗan tari ne. Ka duba min ita."

Kuwabara ya juya akwatin. Ja na nan a kan sukurorin huɗu, an ɗiga shi da kyau. Amma jan farcen matarsa mai duhu ne kamar jan wake, wannan kuwa sai ƙyalli yake kamar tumatir. Ya jona wuta, ya jira kwalaben suka yi ja, sannan ya miƙa wa Shimazaki jitar shago.

"Taɓa mu ji."

Shimazaki ya taɓa. Ƙara ta fito da ƙarfi, tas da ita. Amma gurnanin nan da ke bin wutsiyar sauti kafin ya mutu, babu shi. Su biyun duk sun ji. Shimazaki ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

Kuwabara ya ɗauki sukundireba ya buɗe bayan. A gurbin taransifomarsa wata sabuwa ce zaune, fes, aikin inji. Salatif ɗin sunayensu ma an ɓare shi, sai ɗan shatin gam.

"Kuwa-chan, ka tsaya ka ji."

"Ina ji. Kunne ke gare ni, shi ya sa ka zo."

"Mutanen kamfanin cewa suka yi aunawa kawai za su yi. Suka auna, suka yi tasu, ba ta yi ba. Sai suka ce dole su ƙirga naɗin. Injiniyan ya rantse min zai mayar da ita yadda take, layi bayan layi."

"Ka ce su yanka?"

Shimazaki ya sunkuyar da kai. "Na ce su yanka."

"Ina take?"

Ya laluba jakar kafaɗarsa ya fito da wata leda. A ciki akwai guntayen waya a cukurkuɗe da yagaggun takardu. Kuwabara ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga. Ya hango ƙananan lambobin da ya rubuta da fensir a gefen kowace takarda, bakwai, takwas, tara, rubutunsa na lokacin da idonsa bai fara buƙatar tabarau ba.

"Da bazara za su fitar da ita," in ji Shimazaki. "An riga an buga hotuna. In ta fito da wannan muryar, duk wanda ya san faifaina na da zai yi min dariya. Guda ɗaya za ka naɗa, su tsaya su kalli hannunka. Shi ke nan."

"Da sunan wa?"

"Na yi musu maganarka, ka yarda da ni. Suka ce suna biyu ba ya zama a fuskar akwati."

"A cikin akwati kuma ya zauna shekara tara bai dami kowa ba."

Shimazaki ya kau da kai.

A saman kanta, bayan gwangwanin dalma, ƙullin wayar mahaifinsa na nan. Saura daidai na taransifoma ɗaya. Kuwabara ya ajiye shi ne saboda mutumin nan, ko wata rana tasa ta ƙone yana tsakiyar wasa. Bai taɓa gaya masa ba. Ya ɗaga ido ya dubi wajen, ya daɗe. Da a ce Renji ya zo tun farko ya ce ga abin da kamfani ke so, da ya bi shi Tokyo da ƙafarsa, ya naɗa musu a gabansu, ko da suna ko babu. Amma sai da aka je aka nemo jan farce aka ɗiga, don kada tsohon banza ya lura.

Ya mayar da murfin, ya ɗaure sukurorin huɗu ɗaya bayan ɗaya. Kwalbar jan farcen na cikin aljihun tebur, bai buɗe aljihun ba. Ya naɗe igiyar wuta, ya ɗora akwatin a keken kayan. Sannan ya ɗauki kwalin alewar da hannu biyu, takardarsa ko lanƙwasa ba ta yi ba, ya miƙa, ya rusuna irin rusunawar da yake yi wa baƙon da ya shigo tambayar hanya.

"Shimazaki-san, na gode da ka tuna da shagonmu. Wannan aikin ya fi ƙarfina."

Shimazaki ya buɗe baki. Tun suna 'yan shekara shida Kuwabara bai taɓa yi masa irin wannan kiran na baƙo ba. Ya karɓi kwalin, don ba yadda zai yi, ya tura keken ya fita. Ƙafar keken ɗaya na ƙugi har ya sha kwanar lungun.

Da rana Fumiyo ta miƙo udon. Ta ga ledar a kan tebur, ta ga fuskarsa.

"Kuwa-san, maganar yaran nan fa?"

"Gaskiya ce. Da bazara za ta fito."

"To ai sai murna! Ko ba haka ba?"

"Ki gaya musu su saurara kafin su saya."

Ta tafi. Ya ture kwanon gefe, ya zazzage ledar, ya shiga tsince takardun daga cikin wayar a hankali, yana jera su bisa lambobinsu. Ta goma sha ɗaya ce bai gani ba. Ya duba ƙasan tebur, ya sake girgiza ledar, har taliyar ta huce.